Inna a Kusurwar Hoto

Jiya bayan azahar na ɗan kishingiɗa a kan tabarma, sai na yi wani mafarki. Na tsinci kaina a garin da kowa ke zaune yadda na taɓa ɗaukarsa a hoto.

Garin a karkace yake, don ban taɓa riƙe waya a miƙe ba. Ruwan kogi na gangarawa hagu, masu shayi suna tare kofuna da gwiwa. Surukina Malam Ɗahiru ya wuce ni a kan keke, ba kai. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa ta wuyan riga.

"Lafiya lau, Sabi'u. Kan nawa yana wajenka tun ranar suna. In ka sami sarari."

Matata Zulai na bakin rijiya, falwayar lantarki ta tsiro mata a tsakiyar ɗankwali. Ta sunkuya don kada wayoyin wutar su taɓa ni.

Sai ga ni a ofishin ƙorafi. Wani bunsuru mai tabarau ne shugaba, yana tauna takarduna.

"Malam, kafin ka danna, kana duba abin da ke bayan mutum?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"Kana raba fuskar wayar gida uku, ka ɗora idon mutum a layin sama?"

"Ban san ana rabawa ba."

"Rana fa?"

"Ina barinta inda na same ta."

Ya buga hatimi da kofato. "Duk wannan mai sauƙi ne. Babbar ƙarar tana tsakar gida."

Tsakar gidanmu ce, amma ta yi faɗin filin ƙwallo. Bango, igiyar shanya, turmi, kaji. Can a kusurwa Inna ce, mahaifiyata, girmanta bai wuce ƙwayar gero ba. Na gane hoton. Shekararta tamanin ba ta yarda an ɗauke ta ba, sai ranar Juma'ar nan ta ce sau ɗaya tak, saboda jikoki, kafin a mayar da ita ƙauye. Ni kuwa na tsaya tun daga ƙofar zaure na danna.

"Matsa kusa," in ji bunsuru.

"Ni ɗan fari ne, ranka ya daɗe. Ko sunana ba ta faɗa. Ban taɓa kallon tsakiyar idonta ba."

"To jikoki su riƙa gaida turmi. Shi ya fito sosai."

Kaji suka yi dariya. Da furfurata na tsaya ina sosa ƙeya.

Na taka ɗaya, Inna ta kai girman wake. Na ƙara, ta kai goro. A taku na bakwai na ga zanen da ke kumatunta, uku uku, da ɗan tabo a gira wanda shekara hamsin ban san da shi ba. Ta kawar da kai tana kallon bango.

"Ku ce wa wancan ya yi sauri," ta ce wa kaji. "Mai mota ba ya jira."

Na ɗaga waya, na ɗora idonta a layin sama, na kauce wa igiyar shanya. Yatsana na kan sauka sai na ji hon.

Na farka. Hon ɗin na gaske ne, a ƙofar gida, Zulai kuma tana cewa a miƙo buhun Inna. Na zabura da waya a hannu, takalmi ƙafa ɗaya.