Tsaga a Kusurwar Hagu

Da tawul Yaya ta naɗo kwamfutarta, ta ajiye a kan teburin ƙanenta tsakanin gwangwanin kusoshi da wayoyin mutane da ya farke.

"Buɗewa kawai na yi," ta ce. "Wallahi buɗewa kawai. Sai na ji ƙas."

Injiniya suke ce masa a layin masu gyara, don tsokana, tun da ya bar makaranta a aji uku ya kama sukudireba. Bai gama zare tawul ɗin ba ya san inda zai duba. Kusurwar hagu ce, wajen hinjin da ke riƙe murfi. Robar ta tsage ta ɗago baki, ƙananan notina biyu na rawa a ciki.

Wannan ce ta takwas da ya gani a wannan samfurin. Hinjin ya cika tauri, an dasa notinansa a cikin roba marar kauri, an kuma sa shi daidai bakin da fanka ke huro zafi. Wata da watanni zafin na gasa robar har ta bushe, ran da ta gaji sai ta saki.

"Kar ka taɓa min ita," Yaya ta ce tana gyara jakarta, za ta wuce asibiti aiki. "Saura wata biyu garantin ya ƙare. Gobe ka raka ni wajen wakilin kamfanin, kai ka san yadda za ka yi musu bayani. Ka ji ko, Auta?"

"Na ji."

Ranar Asabar Yaya za ta rubuta jarrabawar ƙarin girma ta ma'aikatan jinya, wadda ta shekara biyu tana jira. Daga gida ake yi, kyamarar da ke jikin murfin na kallon mutum har ya gama. Wannan kwamfutar ce hukumar jarrabawar ta yi wa rajista, sauya wata kuwa sai an ba su kwana goma. Ga shi yau Litinin.

Ya ji ɗin da gaske, har zuwa azahar. Amma mai gyara bai iya zama da abu a karye a gabansa ba. Hannunsa ya dinga ƙaiƙayi. Ya ce bari dai ya leƙa ya ga ko wayar sikirin ta taɓu. Ya kifa kwamfutar, ya kwance kusoshi tara. Ta goman na ƙarƙashin wata 'yar sitika mai ƙyalli, ya soka mata sukudireba kamar yadda yake yi sau goma a rana a kayan da garantinsu ya daɗe da mutuwa. Sai da kusar ta fito ya ga abin da ya yi: sitikar garanti ce ya huda.

Tunda an riga an buɗe, ya kwaɓa gam ya cike tsagar. Washegari, a buɗewa ta uku a gaban Yaya, gam ɗin ya ɓalle da wani guntun roba, sikirin ya fara ƙiftawa. Ba ta yi masa faɗa ba. Ta juya kwamfutar, ta daɗe tana kallon hudar da ke jikin sitikar, ta ce, "Mu je."

Ya ɗauko wani kwali daga ƙarƙashin tebur. Fasassun murafu bakwai ne na masu irin wannan kwamfutar, waɗanda ya canja musu ya ƙi zubarwa.

Ofishin wakilin na da sanyi, da kujeru a jere da lambar layi. Matar da ke karɓar ƙorafi ba ta ko buɗe kwamfutar ba, ƙasanta ta fara dubawa.

"An buɗe wannan."

"Ni na buɗe," in ji Injiniya. "Amma kafin in buɗe ta karye. Duba nan, ranki ya daɗe." Ya shiga jera murafun a kan teburinta, kowanne da tsagarsa a kusurwar hagu. "Mutum takwas ba za su yar da kwamfuta a gefe ɗaya ba. Ƙirar ce. Wanda ya zana ta ya sa hinji a bakin wuta."

"Malam, kwashe min bolar nan, mutane na jira."

"Bolarku ce ai, ku kuka ƙera."

Wani a layi ya yi dariya. Matar ta haɗe rai ta kira mai gyaran kamfanin, wani dattijo mai tabarau a rataye a wuya. Ya ɗauki murfi ɗaya, ya shafa tsagar da babban yatsa, ya ɗauki na biyu. Bai yi mamaki ba ko kaɗan, wannan ne ya fi ƙona wa Injiniya rai.

"Ɗana," dattijon ya rage murya, "a ɗakin baya ina da fiye da naka. Duk wata sai na rubuta musu. Amsarsu ɗaya ce, wai masu saye ne ke buɗewa da hannu ɗaya. Da ba ka huda sitikar nan ba, da yau na canja mata murfi ta tafi, wannan a hannuna yake. Yanzu ya fi ƙarfina. Sai dai ku bar ta in aika can sama da hotuna, in rubuta cewa laifin ƙira ne. Ta yiwu su yarda. Irin ƙorafin nan ne idan ya taru zai sa wata rana su janye samfurin."

"Kwana nawa?" Yaya ta tambaya.

"Sati uku. In an yi sa'a."

"In na tafi da ita fa, aka gyara a waje?"

"Shi ke nan kuma, ba ruwansu da ita har abada."

A hanya Injiniya ya yi ta magana. A bar musu ita, ya ce, a matsa musu, shi zai je hukumar jarrabawar ya roƙa, zai durƙusa in ta kama. Ba daidai ba ne kamfani ya sayar da abin da ya san zai karye sannan ya ɓuya a bayan sitika. Yaya na tafiya a gabansa da kwamfutar a ƙirji.

"Gaskiyarka," ta ce da suka iso shago. "Amma kamfani ba shi da jarrabawa ran Asabar. Akwai gyaran da zai riƙe?"

Akwai, ya kuma tsane shi. A huda murfin daga waje har ciki, a zura kusoshi masu noti su kama hinjin da ƙarfe. Yana riƙewa shekaru. Sai dai hudar na cinye tsagar, duk wanda ya gani daga baya zai ce mai gyaran kan titi ne ya ɓata ta.

"In na huda, babu sauran shaida, Yaya."

"Jiya da na ce kar ka taɓa, ka taɓa. Yau na ce ka taɓa kana min wa'azi? Huda."

Ya janye wayar sikirin gefe, ya naɗe ta da salatif, ya sassauta hinjin. Da ya ɗora bakin injin huda a kan murfin sai ya dakata ya goge zufa. Sannan ya danna. Garin baƙar roba ya zubo a kan tebur. Huda uku ya yi, ya ɗaure notinan, kawunansu suka fito a bayan murfin, munana.

Yaya ta buɗe ta rufe, ta buɗe ta rufe, har sau shida. Babu ƙas. Ta kunna kyamarar, fuskarta ta fito tar, da idanunta da suka kumbura, shi kuma a tsaye a bayanta da injin a hannu.

"Matsa," ta ce ba tare da ta waiwayo ba. "Kana cikin hoton."

Ya matsa.