Wa Ke Yanke Furen Farfesa?

Kara uku Farfesa ta tarar an yanke ranar Litinin, yankan almakashi tsaf, ba cin tsutsa ba. Ta tsaya tsakiyar ɗakin gilashin da ake rainon tsirrai tana huci. Furen okid ne, mai leɓe kamar bakin takalmi, kuma nata ne. Shekara goma sha takwas ke nan da ta rubuta cewa wannan mai jajayen ɗigo jinsi ne mai zaman kansa, ta raɗa masa sunan marigayiya mahaifiyarta.

To, sai ga wani Dakta sabon zuwa, mai ladabin da ya yi yawa, ya rubuta wa kwamitin tantance sunayen tsirrai wai furen nan nau'i ne kawai na koren okid mai bakin takalmi da kowa ya sani. Ji mini ƙarfin hali! Ranar Alhamis za a zauna, in an yarda da shi a soke sunan. Hujjarta ɗaya: tukwane sittin da aka raina daga irin furen, duk wanda ya buɗe da ɗigo yake buɗewa. Yanzu ga wani yana rage mata shaidu.

Mutum uku ke da makulli: ita, Dakta, da Baba mai ban ruwa. Baba kuwa ba a ma sa shi a lissafi, tare suka tsufa a wajen. Ta tare Dakta a baranda.

"Dakta, kana da almakashi?"

"Akwai, ranki ya daɗe. In kawo miki?"

Har da murmushi! Ranta ya ƙara ɓaci. Ta bi takalminsa da kallo ko za ta ga laka, ba ta ga komai ba, wannan ma ta ce wayo ne.

Laraba da sassafe ta riga kowa zuwa, ta laɓe bayan buhunan taki, mace mai jikoki, gwiwa na yi mata tsami. Ƙofa ta yi ƙara. Ba Dakta ba ne, Baba ne da butarsa. Ya bi tukwanen ɗaya bayan ɗaya yana leƙa bakin kowane fure. A layi na uku ya tsaya, ya waiga, ya zaro almakashi daga aljihu. Ƙyas!

"Baba!"

Butar ta suɓuce masa. Ta fizge furen daga hannunsa ta duba. Kore ne shar, ko ɗigo ɗaya babu.

"Dakta ne ya sa ka?"

"Wane Dakta, ranki ya daɗe? Yana makaranta na fara." Ya sunkuyar da kai. "Duk shekara sai an samu marasa ɗigo. Da wuƙa nake cirewa daga gindi, ba a gani. Bana ido ya yi rauni, shi ya sa na koma almakashi."

"Don me?"

"Ina wajen ranar da kika liƙa sunan Inna a tukunyar farko. Na ga yadda kika yi kuka."

Ya shiga ɗakin ajiya ya fito da wani kwali. Tsofaffin jaridu ne a ciki, a tsakanin kowace biyu busasshen koren fure, da kwanan wata cikin karkataccen rubutunsa. Bai iya zubarwa ba, in ji shi, aikin ilimi ne.

Ta zauna a kan buhu ta ƙirga. Arba'in da huɗu. Kunya ta kama ta, ta Dakta, ta kwamiti, ta shekara goma sha takwas. Ta mayar da jaridun cikin kwalin.

"In ƙone su?" ya tambaya a hankali.

"Ɗaure mini kwalin, gobe ni zan kai musu da hannuna."

Ta miƙe ta nufi tukunyar farko, ta zare ɗan allon da ke ɗauke da sunan mahaifiyarta. Ta goge masa ƙasa da gefen mayafinta, ta sa shi a jaka.