Galan Mai Shuɗin Murfi

Auta na buɗe murfin galan ɗin, wari ya doke shi har sai da ya kau da kai ya tofar da yawu. Warin mushen ɓera ne haɗe da na maganin ƙwari. Wani baƙin ruwa mai kauri ya kwanta a ƙasa, a gefe kuma ga rabin hoton ƙoƙon kan mutum, inda aka kankare takardar ba ta fita duka ba.

Aikinsa ke nan a shagon man girkin kawunsa: wanke tsofaffin galan da 'yan gwangwan ke kawowa, kafin a ɗura mai. Ya wanke da garin sabulu, ya zuba yashi ya girgiza, ya ɗauraye. Warin na nan daram.

Ya kai wa Kawu, ya ce a hankali wannan kam ba na abinci ba ne. Kawu yana kishingiɗe da rediyonsa a kan cikinsa. Ko shinshinawa bai yi ba, sai ya shiga ba da labarin abin da ya taɓa ji a wani shiri: wai kalmar galan ma aro ce, Turawan Ingila a bakin Faransawa suka tsince ta, kuma can asali ana jin sunan tulun giya ne.

"Tulun giya fa, ɗan nan. Yau ga shi da shi muke ɗebo ruwan alwala. Akwai abin da wanki ba ya fitarwa? Cika shi, surukarka na tafe."

Matar da yake nufi ita ke dafa wa 'yan makarantar bayan layi abinci. Kullum sai ta tsokani Auta, tana kiransa mijin 'yarta.

Auta ya koma bayan shago. Bai taɓa musu da Kawu ba, shi ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsa. Ya tsinci ƙusa, ya huda gindin galan ɗin, ya zuba ruwa, ya dawo da shi yana tsiyaya.

Kawu ya tsine wa 'yan gwangwan, ya juya galan ɗin yana dubawa. Can fuskarsa ta washe.

"Ai sama lafiya lau yake. Mazurarinmu ya tsage dama. Yanke shi daga wuya, da shi za mu riƙa ɗura mai."

Ya miƙo wa Auta wuƙa.