Cokula Goma Sha Biyu, Babu Ado

Auta tana buɗe kwalin ranta ya ɓaci. Cokulan katako goma sha biyun da ta ba mahaifinta ya sassaƙa mata, ko ɗaya bai tsira ba. Ya gasa ƙarfe a wuta ya bi mariƙin kowanne da zanen ganye.

Wata uku ta yi tana zana su a takarda. Sumul take son su, daga itace sai mai, ba fenti ba ado. Da la'asar kuma za ta kai wa mai kantin kayan girkin 'yan gayu ta gani, matar da ba ta duba kayan mutum sau biyu.

Ta same shi a rumfar aikinsa yana wasa wuƙa.

"Baba, wa ya ce ka yi musu zane?"

"Wa zai ce? Shekara arba'in ban taɓa sallamar aiki tsirara ba."

"Ai tsirarar ake saye. Na nuna maka takarda."

"Na gani. Na ɗauka biro ne ya ƙare miki." Ko ɗaga kai bai yi ba. "Karatun da kika yi ke nan, a koya miki barin aiki rabi?"

"Ka ɓata min kaya, Baba."

"Na rufa miki asiri dai."

Haushi ya hana ta kuka. Ta jawo benci gabansa da gangan, ta ɗauki samfefa ta hau gurza. Ƙuna kuwa ta shiga itacen sosai, don tsohon ba ya aikin ganin ido. Ta gurza har yatsunta suka yi ja, garin katako yana zuba masa a kan takalmi. Shi ko sai wasa wuƙar da tuni ta yi kaifi yake yi. Tana sane yana ƙirga ganyen da ke ɓacewa, kuma a lokacin hakan daɗi ya yi mata.

Da la'asar, mai kanti ta juya cokali ɗaya a hannu, ta shafa mariƙin da gurza ta sirantar.

"Wannan sirantar ce ta burge ni. Ina son ɗari biyu, irin wannan sak, kafin wata ya ƙare."

Auta ta dawo da saurinta, har ta manta suna faɗa. Ta tarar ya share rumfar tas. Guntayen itacen da ta saya suna ɗaure a bakin ƙofa, takardar zanenta a kai, an danne da dutse.

"Baba, ta karɓa. Ɗari biyu take so."

"Madalla." Ya rataye wuƙarsa a ƙusa. "Ga itacenki nan. Gogewa kin iya, na gani da idona. Saura ki koyi sassaƙa."

Ya ja ƙofar rumfar ya sa kwaɗo.