Numfashin Aku

Da gudu wata mai ɗinki ta faɗa ɗakin gaggawa na asibiti, 'yarta a kafaɗa, tef ɗin awo na rataye a wuyanta. Surukarta, wadda kowa ke kira Inna, na biye tana haki.

A gida Aku ake ce wa yarinyar saboda surutu, amma yau ko "Umma" ta kasa faɗa. Ƙirjinta sai fito yake kamar buta a kan wuta. Nas ta karɓe ta, ta rufa mata abin shaƙar magani a hanci da baki.

"Na faɗa har na gaji," in ji Inna. "Yarinya ta wuni a shago cikin ƙurar yadi, me ake jira? Mu dai a zuri'armu ba mu san wannan ciwo ba."

Mai ɗinkin ta matsa kusa da 'yarta. Idonta na kan haƙarƙarin Aku da ke shiga yana fita. Sai da ta ga numfashin ya fara sauka sannan ta zauna.

Wata likita ta jawo kujera ta zauna kusa da su.

"Asma ce. Ƙura na tayar da ita, amma sau da yawa akwai gado a ciki. Kun ga ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka yi jikin mutum? Kowace tana share dattin cikinta da kanta. Masu bincike na ganin a wasu yaran sharar nan ba ta tafiya daidai, kuma hakan na iya bin jini. Akwai wanda ya taɓa irin wannan a danginki?"

"Babu, likita," in ji mai ɗinkin.

"A wajen mahaifinta fa?"

Mai ɗinkin ta jira Inna ta yi caraf. Amma sai tsohuwar ta ƙura wa jikarta ido, tana murza bakin mayafinta.

"Kafin uban yarinyar nan na haifi wani," ta ce a hankali. "Haka ƙirjinsa ke yi. Aka ce sanyi ne ya kama shi, wai ni na cika yi masa wanka da sassafe. Bai kai shiga makaranta ba."

Mai ɗinkin ba ta taɓa jin labarin ba. Ta ɗauka ranar da aka gane ba laifinta ba ne za ta ji daɗi, sai ga shi tausayin Inna ne ya kama ta.

"Ba wankan ba ne, Inna," in ji likitar. "Ba laifin kowa ba ne. Kuma wannan, in ana kula da maganinta, har sai ta ishe ku da gudu."

Aku ta ture abin shaƙar gefe. "Inna, kuka kike yi?"

"Ku ji min ja'ira! Hayaƙin maganinki ne ya shiga min ido."

Da za a sallame su, nas ta miƙa wa mai ɗinkin ƙaramin maganin fesawa. Inna ta kai hannu ta taɓa shi, ta janye. Sannan ta matso kan bencin har kafaɗunsu suka haɗu.

"'Yata," ta ce, "nuna min yadda ake danna shi. A hankali dai, kin san idona."