Rariyar da Baffa Ya Ce a Fasa

"Ba zan ba ka digar nan ba, Baffa."

Ina tsaye cikin ruwa har idon sawu na faɗi haka, na riƙe ƙotar da hannu biyu. Baffa yayan mahaifina ne, shi ke riƙe da gidan tun rasuwar Baba. Ya dube ni kamar akuya ce ta yi magana.

"Ke 'yar boko, da ni kike? Miƙo nan in fasa rariyar nan kafin gida ya koma tafki!"

Tun hantsi ake sheƙa ruwa. Ɓangaren baya na tsakar gidanmu kwari ne, duk abin da indararo ya zubo can yake taruwa. A da akwai rariya a gindin katanga mai fitar da shi fili. Bara wani tela ya gina ɗaki jingine da katangar, aka toshe rariyar da siminti. A ɗakin nan tsohuwarsa take kwance a kan katifa a ƙasa, ɓarin jikinta ya shanye. In zai tafi shago kwaɗo yake sa wa ƙofa. Na kira wayarsa sau uku, a kashe.

"Baffa, in ka fasa, a kan tsohuwar nan zai sauka."

"Ni na ce ya yi gini a bakin rariya? Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa."

"Ai ba bakinsa ba ne, uwarsa ce."

Inna ta leƙo daga ƙofarta, ta ɗaure zani a gwiwa. Saura kamar yatsa biyu ruwan ya haye dokin ƙofarta. "'Yar nan, ki rufa mana asiri. Yayan ubanki ne fa."

Shekara uku ina koyon zanen gini a kwalejin fasaha, kuma na taɓa auna gidan nan da tiyo mai ruwa, 'yan gida suna min dariya. Kwatar titi ta fi bayan gidanmu ƙasa da taƙi guda. Abin da ya tare ruwan shi ne tudun simintin da ke bakin lungu. In na fasa shi, ruwa zai bi lungu ya fita titi. Sai dai ƙofar ɗakina a lungun take, kuma ta fi kowacce ƙasa. A ƙarƙashin gadona zanen kammala karatuna yake, takardu tara a naɗe, aikin wata uku, Litinin zan miƙa.

Da na ajiye digar na je ɗauko su, Baffa zai ɗauka. Ido ya zuba mata.

"Inna, kwashe min takarduna!"

Na shiga sara. Simintin ya yi tauri kamar da gayya, ruwa na fallatso min a ido. A sara na goma tafin hannuna ya ɗuri ruwa, ya fashe. Ta bayan katanga nake jin tarin tsohuwar, ƙasa-ƙasa. Da ya ɗauke sai in tsaya in saurara.

"Injiniya!" Baffa ya ce daga ƙarƙashin rumfa. "Sara dai, mu ga ko ruwa ya iya karatu."

Na fasa hanya kamar faɗin kwano. Ruwan bai motsa ba. Na sake duba ramin. Ko awon nawa ne ba daidai ba? Inna ta yi salati, ruwan ya fara lasar dokin ƙofarta. Baffa ya taho yana miƙo hannu. Na juya masa baya, na durƙusa na cusa hannu cikin ramin. Ashe tsohon buhu ne ya toshe bakin. Na fizgo shi.

Silifas ɗin Baffa ne ya fara tafiya. Ya juya a hankali, ya bi lungu, sai ruwan ya bi bayansa da gudu, jajawur, ya daki ƙofata ya shige.

Sai bayan la'asar aka ɗauke. Ɗakin Inna bai jiƙe ba. Tela ya dawo ya tarar da tsohuwarsa tana barci, bai ma san an yi ba, ni kuma ban je na faɗa masa ba.

Inna ta kwashe littattafaina tsaf, har da tsofaffin na sakandare, ta jera a kan gadonta. Ba ta san da takardun ƙarƙashin gado ba. Na warware su a kan igiya, tawada ta narke, takardar na rabuwa a hannuna.

Ranar Litinin na je da hannu a naɗe da bandeji, babu zane. An ce sai baɗi. Abin da na biya ke nan: shekara guda ta karatuna, da gaisuwar Baffa, wadda yau kwana arba'in ina durƙusawa in yi, ba ya amsawa.