Akuya a Takardar Ƙosai

Tun da Zahara'u ta gama jami'a ta dawo gida Birnin Kudu, aikin da ta samu shi ne buga takardu a shagon kwamfuta na Alhaji Munzali, daura da tasha. Katin ɗaurin aure, takardar neman aiki, binciken ɗalibai da rabinsa kwafe ne daga na wani, duk ta buga har ta daina ganin abin da ke ciki. Ido ya ɗauka, yatsu su sauke, ita kuwa hankalinta na kan ciwon baya da ƙarar janareta. Ba mai magana ba ce. Masu kawo aiki da yawa ba su san muryarta ba, saman hijabinta kawai suka sani.

Aikin Baba Gerald ne kaɗai ya tashe ta daga wannan gyangyaɗin.

Baba Gerald tsohon malamin asibiti ne, Kirista, mutumin Filato, wanda ya zo garin yana saurayi bai koma ba. Da wuya a sami gidan da bai taɓa yi wa wani allura a ciki ba. A nan ya yi ritaya, a nan ya binne matarsa Eunice. 'Ya'yansa sun yi sun yi ya koma Jos, ya ce to wa zai riƙa cire ciyawar kabarinta. Yanzu yanar ido ta fara cin ƙarfinsa, shi ya sa yake sauri. Abin da ya kawo rubutun hannu ne da Hausa: labarin jirgin Nuhu, amma daga bakin wata akuya da aka shigar ba da son ranta ba.

Akuya ce mai mita. Ta yi mitar an haɗa ta ɗaki ɗaya da kura an ce su yi haƙuri da juna. Ta yi mitar bunsurun da aka zaɓo, wai duk bunsuran duniya a rasa wanda za a tserar sai mai warin nan. Giwa ta juya cikin barci, jirgi ya karkata, kowa ya gangara kan kowa. Mai jirgin kansa bai tsira daga bakinta ba, ta ce ya iya sassaƙa amma taga ɗaya tak ya yi wa wannan taron wari. Zahara'u takan kama kanta tana dariya a cikin hijabi, sai ta yi istigfari ta ci gaba.

"Haka Eunice ta saba ba yara labarin, har da muryoyi," in ji Baba Gerald wata rana. "Mu a wajenmu, 'yata, mutanen da ke cikin Littafi Mai Tsarki kamar kakanni ne. Wasan jika da kaka ne. Ana jan gemunsu, ba a daina son su ba."

"A wajenmu mai jirgin nan Annabi ne, Baba," in ji Zahara'u.

"Na sani. Shi ya sa ke na kawo wa, ban kai wa mai surutu ba. Jikokina zan aika wa, ba na kasuwa ba ne."

Duk inda ya rubuta Nuhu, yatsunta sai sun sa Annabi a gaba, Alaihissalam a baya. Da ya kanga takardar a hancinsa ya gani, sai ya ce, "Wace akuya ce take cewa Alaihissalam?"

"Hannuna ne, Baba. Ba ya iya tsallakewa."

"To bar shi. Akuyar ta fi ni ladabi."

Babin ƙarshe ne bai ba ta dariya ba. Bayan ruwa ya janye, mai jirgin ya dasa inabi, ya sha abin da ya sha har ya fita hayyacinsa, akuya na leƙe ta ƙofar tanti. Baba ya ce haka yake a Littafinsu, shi barkwanci kawai ya ƙara. Ta buga shi da sauri kamar mai tsallake kwata, ranar ko abincin rana ba ta iya ci ba.

Da ta fitar masa da littafin duka, rubutun ya yi wa idonsa ƙanana. Ya roƙa a sake da manyan baƙaƙe. Ta zuba na farkon a kwalin da ke ƙarƙashin tebur, da niyyar ta kai gida ta ƙona, yadda ake yi wa duk takardar da ke ɗauke da sunan Allah ko na Annabi. Sai ɗalibai suka cika shagon, kowa na cewa nasa na gobe ne. Ta tashi da kai kamar zai rabe, ta manta da kwali.

Alhaji Munzali yana da tsohuwar yarjejeniya da Inna Abu mai ƙosai: ta kwashi takardun da suka lalace don naɗi, ita kuma ta aiko wa shago ƙosai kullum safe. Washegari Zahara'u ta buɗe nata ƙunshin. Mai ya jiƙa takardar har ana ganin yatsa ta bayanta, amma kalmar bunsuru na nan raɗau. A sama kuma ga sunan Baba Gerald, wanda ita da kanta ta sa a kan kowane shafi don ado. Ta leƙa ƙarƙashin tebur. Wayam.

"Alhaji, ina kwalin nan?"

"Inna Abu ta karɓa jiya bayan kin tashi. Lafiya?"

"Akwai sunan Annabi a ciki."

"Subhanallahi! Ke ma dai. Maza je ki karɓo."

Ta fita da sauri ta nufi wajen Inna Abu. Ta san ba sai an karanta littafin ba. Mutum ɗaya ya karanta shafin inabin nan ya faɗa wa na biyu a bakin tasha, kafin azahar babu sauran akuya a labarin, sai dai wani Kirista ya zagi Annabi. Allurar da ya yi wa iyayensu ba za ta tare kowa ba. In ya tsira da ransa, ba zai ƙara kwana a garin da matarsa take kwance ba.

Inna Abu na hango ta ta ɗaga matsami. "Ke ce mai takardun nan? To kin ja mini! Tun da na ɗora kasko ake mini wa'azi. Ladan ya ce wai ina naɗe ƙosai da Annabi. Ni ina na san boko? A wajena duk tururuwa ce ke tafiya a kan takarda."

"Ki yi haƙuri, Inna. Ina waɗanda suka riga suka fita?"

"Ga su can a bango mana. Wa zai yar da sunan Annabi a ƙasa?"

Haka kuwa aka yi. Duk wanda ya ci ƙosansa ya ga Alaihissalam, sai ya lashe yatsu, ya ninke takardar da ladabi, ya soke ta a sama: a tsagar katanga, a bayan turken wutar lantarki, a ƙarƙashin kwanon rumfar mai shayi. Ba wanda ya karanta layi na biyu. Zahara'u, wadda ko gaisuwa da ƙarfi kunya take ba ta, ta bi titi tana ɗage tana zaro takardu masu maiƙo a gaban direbobi. Wani dattijo ya tsayar da kekensa ya dube ta.

"Allah ya yi miki albarka, yarinya. 'Yan boko irinki sun yi ƙaranci."

Ta ce amin, kanta a ƙasa.

Ta tsuguna a bayan rumfar Inna ta duba abin da ta tara da abin da ya rage a kwali. Kura na nan, giwa na nan. Babin inabi babu.

"Au, ai rabi na aika wa Hafsatu can Gwaram da motar farko," in ji Inna Abu. "'Yata ce, ita ma suya take a tasha. Su can takarda wuya take."

Motar Gwaram da Zahara'u ta shiga sai da ta cika ta batse kafin ta tashi. Damina ta yi nisa, gero ya rufe gonaki hagu da dama. Kaji ɗaure a kan ƙafarta, cinyar wata mata a kan tata, a but kuma wata akuya na ta kuka tun daga tasha. Abin ya so ya ba ta dariya, ƙarfin yi ne babu.

A tashar Gwaram, Hafsatu ta share zufa da gefen zani ta ce, "Kin makara. Malam Sada ya kwashe su duka, ya ce ba a naɗe ƙosai da ƙissa. Wai ɗansa Ashiru, malamin Islamiyya, zai karanta wa mutane a ƙofar masallaci bayan la'asar. Ga gidan can, mai tsamiya."

Ta same shi a gindin tsamiyar yana tufkar igiya, tsoho siriri mai farin gemu, irin waɗanda suka tsufa a bayan shanu. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce ita ta buga takardun. Ya yi murna. Ya shiga soro ya fito da gafaka, ya zaro su daga tsakanin littattafansa na addini.

"Allah ne ya kawo ki. Ni ajami na iya, wannan bokon sai Ashiru, shi kuma yana makaranta. Ɗan karanta mini kafin ya dawo."

Ta karɓa. Shafin da ke sama shi ne na ƙofar tanti. Ta kafa ido a kai, bakinta kuwa ya kama wata hanya dabam. Ta ba shi ƙissar yadda ta koya a Islamiyya tana ƙarama: kiran da aka yi ta yi ana toshe kunne, izgilin masu wucewa ga mai sassaƙa jirgi a tudu, ɗansa da ya ce zai fake a kan dutse. Malam Sada na gyaɗa kai yana salati. Da ta kai aya, ya ɗago.

"To ina akuyar?"

Ta sake duban takardar da ke hannunta.

"Hafsatu ta ɗan karanta mini da safe, akwai akuya. Wadda aka haɗa da kura." Ya kece da dariya har da tari. "Wanda ya rubuta abin nan ya yi kiwo. Haka take, ko Aljanna aka kai ta sai ta tauna igiyar wani. Ni dai ban taɓa jin malamai sun kawo ta a ƙissa ba, amma ai dole akwai akuya a jirgin. In babu, waɗannan daga ina?" Ya nuna nasa awakin da ke cin bawon tsamiya.

Daga nesa aka fara gwada lasifikar masallaci. Zahara'u ta matse takardun a ƙirjinta.

"Baba, akwai kurakurai a ciki. Ni na buga, kuma na yi ɓarna da yawa. Shi ya sa na biyo su tun daga Birnin Kudu. In aka karanta wa jama'a ƙissar Annabi da kuskure, alhakin a kaina zai hau."

Ya daɗe yana shafa gemu. "Wannan gaskiya ne. Ashiru kuwa ba ya yafe ko wasali ɗaya." Ya zazzage gafakar ya tabbatar ba sauran ko falle. "Tafi da su. Amma in kin gyara ki kawo mini. Ina so in ji ko kurar nan ta cinye ta."

"In sha Allahu, Baba."

Rana ta yi sanyi lokacin da ta isa gidan Baba Gerald. Yana zaune a baranda da rediyo a cinya. Ta ajiye masa tulin takardun, ta faɗa masa komai ba ta ɗago ba. Ya kashe rediyon. Ya ɗauki shafi ɗaya ya shanshana.

"Har Gwaram akuyata ta je," ya ce. Bai yi dariya ba. Ya juya fuska wajen titi, inda masu dawowa daga gona ke ɗaga masa hannu suna cewa sannu Baba, shi kuma yana amsa kowa da sunansa, da murya yake gane su. Sai da suka wuce ya ce, "Tsohon, ya yi dariya?"

"Har da tari."

"To. Na sami mai karatu ɗaya." Ya cire tabarau ya murza idanu. "Ki cire babin inabin. Daga na'urar ma ki goge."

"Ai ka ce haka yake a Littafinku."

"Yana nan a Littafin, ba inda za shi. Ni ne nake so in zauna." Ya mayar da tabarau ɗin. "Ga abin da za ki sa. Da aka buɗe ƙofa, akuya ta fita ba ta waiwaya ba. Abin da ya faru bayan nan ba ta gani ba, ba ta kuma tambaya ba."

A murhun bayan gidansa ta ƙona su, har da nasa rubutun hannun na babin, wanda ya miƙo mata da kansa. Man ƙosai ya sa wutar ta kama nan da nan. Ta tona rami a gindin mangwaro ta binne tokar, yadda mahaifiyarta take yi.

Washegari ta buga sabon ƙarshen da manyan baƙaƙe, ta cire sunansa daga saman shafuka, ta kai masa har gida a cikin hijabinta. Littafin ya tafi Jos. Baba Gerald na nan, duk Asabar yana lallaɓawa maƙabarta da 'yar fartanyarsa.

Ita kuwa ta koma kan katunan aure. Sai dai lokaci-lokaci, in ta zo wucewa da safe, Inna Abu kan ɗaga matsami daga bakin kasko.

"Ke 'yar kwamfuta! Hafsatu ta ce tsohon nan na Gwaram ya dame ta. Wai an gama gyaran?"

"Ana kai, Inna," Zahara'u kan ce, ta ja hijabi ta ƙara sauri.